Mode Mai Tubali da Kifin Busasshiyar Laka

Duk Ƙofar Marke babu wanda bai san tsoron Mode mai tubali ba. Dogon mutum ne, ƙafafunsa kamar turame saboda tattaka laka tun yana ƙarami, amma in ƙadangare ya faɗo daga kan katanga sai Mode ya kai bakin zaure kafin ya waiwaya. Yana tsoron dogari, yana tsoron jakin da ya kafe shi da ido, yana tsoron surukarsa har bayan ta rasu. Matarsa Hajjo ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya yanka kaza ba, sai dai ya kai wa maƙwabta, shi kuma ya koma bayan bango ya toshe kunne. Mu da muka yi katanga ɗaya da shi mun ci kawunan kajinsa ba iyaka, Allah ya saka masa.

Aikinsa kuwa ya iya. Ya ɗebo laka a jaki, ya kwaɓa da ciyawa, ya tattake, ya mulmula tubali ya jera a rana. Magina suna son nasa don ba ya tsagewa. Lakar yana samo ta ne daga wani kwari can wajen Dundaye, wanda yake cika da ruwa da damina, ya bushe ƙaf da rani har ƙasarsa ta yi tsaga-tsaga. Kuma yana da al'ada irin ta masu sana'ar: kafin ya wahalar da jaki, sai ya ɓantaro kaɗan ya jiƙa a kasko ya ga ko tana da danƙo.

Daga wannan jiƙon ne abin ya samo asali. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ya jiƙa laka da ruwan sama na farko da Hajjo ta tara a bakin indararo, ya tafi wata hidima ya manta. Da ya dawo ya leƙa, sai ya ga wasu abubuwa ƙanana kamar tsinin gashin ido suna fizge-fizge a cikin ruwan. Ya ja da baya ya yi a'uziyya. Ya sake leƙawa daga nesa, da sanda a hannu. Da ya ga ba su biyo shi ba, sai ya rufe kaskon da faifai ya bar su, don zubarwa ma tsoro take ba shi.

Ashe kifi ne. Suka girma da sauri kamar ana hura su, har suka kai tsawon ƙaramin yatsa, a nan suka tsaya. Matan launin toka ne, ba abin kallo. Mazan kuwa, wutsiyarsu ja kamar an tsoma a lalle, jikinsu yana ƙyallin shuɗi irin na rawanin da ya sha bugu. Mode ya mayar da su tsohuwar randa mai faɗin baki, da lakarsu a ƙasa. Mutumin da ko kajin gidansa Hajjo ce mai ba su tsaba sai ga shi da sassafe a bakin kwatami, yana tace tsutsar sauro da tsumman zanen Hajjo, yana kai musu. Ya lura mazan ba sa shiri, sai ya raba su, kowane namiji da matansa a tukunya dabam. Ya lura namiji yakan danna mace cikin laka, su yi ɗan karkarwa su taso. Wannan kam kunya ta sa yake kau da kai. Hajjo tana kiran su ƙwarin maigida. Shi kuwa 'yan damina yake ce musu, a hankali, kamar mai kiran sunan 'ya'yan da Allah bai ba su ba.

Da kaka ta yi, suka tsufa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mode ya daina cin tuwo sosai. Ya tsiyaye ruwan, amma ya kasa zubar da lakar, sai ya tura tukunyar ƙarƙashin gado ta bushe a can. Da damina ta zagayo, ya zuba mata ruwan sama, shi ma bai san me yake nema ba. Kafin la'asar sai ga 'yan tsinin gashin idon nan sun fito. Ranar ya gane ƙwai ne suke binnewa, ƙwan kuma yana kwana a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Daga nan ya koyi sauran: kada lakar ta sha rana, kada ta bushe har ta zama gari, kuma kada a jiƙa ta duka. Kullum rabi yake jiƙawa, ya ajiye rabi saboda tsautsayi. Bai gaya wa kowa ba, don ya san bakin mutanen unguwarmu.

Ana cikin haka Nasara suka ci gari. Aka ce za a gina musu bariki, aka tara masu tubali aikin tilas, kuma aka rasa inda za a haƙa sai kwarin nan na wajen Dundaye. Aka kwashe ƙasarsa har aka kai ga tsakuwa. Mode da ƙafafunsa ya tattake lakar, yana tattakawa yana jin kamar kan jarirai yake takawa. Daga wannan shekarar ruwa bai ƙara zama a kwarin ba, yana sauka yake tsanyewa. Ya duba wasu tafkunan bai ga irin kifin ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne na ƙarƙashin gadonsa.

Sai shekarar Satiru ta zo. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da birni, suka ce lokacin Mahadi ya yi, suka tashi da gatura da fartanya, aka yi kashe-kashe, daga baya Nasara suka dawo da bindigogi aka shafe ƙauyen. Waɗanda aka kamo, kowa ya ji yadda aka fille musu kai a kasuwa. Mode bai je ba, amma ya ji labari, ya yi kwanaki yana shafa wuyansa. Birni ya yi tsit. Malamai suka rage ɗalibai, masu wa'azi suka koma noma. In mutum uku suka tsaya a inuwa, sai na huɗu ya canza hanya. Abin da aka fi tsoro shi ne a ce wane yana nuna karama, jama'a suna taruwa a ƙofarsa, don irin wannan maganar ba ta kwana ba ta kai bariki ba.

To a wannan shekarar ce, ranar ruwan farko, Dodo wanzami ya faɗo gidan ba sallama. Dodo taubashin Mode ne, ɗan kawunsa, saboda haka yana da ikon tsokanarsa har kabari, kuma bai taɓa wasa da wannan ikon ba. Ya tarar da Mode tsugune yana zuba ruwa a kan busasshiyar ƙasa yana motsa baki. Ya tambaye shi ko tuwon laka Hajjo ta koma yi. Ruwa ya tsare shi a gidan, ya ci abinci, ya yi barci a zaure. Da ya tashi ya leƙa kaskon don ya sami abin ƙarin tsiya, sai ya ga rai yana motsi inda ɗazu ƙasa ce. Mode ya riƙe masa riga ya roƙe shi don Allah don Annabi ya rufe bakinsa. Dodo ya rantse. Ai kuwa gara a ce bango Mode ya roƙa.

Wanzami ba ya aski shiru. Washegari a gindin marke, duk kan da ya shiga hannun Dodo sai ya tashi da labarin. Da wasa yake bayarwa, yana kwaikwayon tsugunon Mode, yana cewa ga waliyyin da kaza ke kora. Na farko suka yi dariya. Na biyu suka kai gida ba tare da dariyar ba. Kafin mako ya zagayo, a Unguwar Rogo ana cewa akwai wani bawan Allah a Ƙofar Marke da yake tofa wa ƙasa addu'a ta zama kifi mai launin aljanna.

Mata suka fara zuwa. Mai neman haihuwa, mai yaro da ciwon ido, mai mijin da ya tafi fatauci ya ƙi dawowa, kowacce da 'yar ƙwaryarta a ƙarƙashin mayafi, ruwan randar take so. Mode ya fito ya ce shi ba malami ba ne, ko izu ɗaya bai haɗa ba. Suka kalli juna suka ce haka na gaskiya suke, ba sa yarda. Ya ce musu ƙwai ne kawai a cikin laka. Wata tsohuwa ta ce ita ta yi shekaru tana gyaran kifi, ba ta taɓa jin ƙwan da ya yi rani guda a ƙasa ya rayu ba, in ba da ikon wani ba. Ya ce wallahi shi matsoraci ne, a tambayi kowa. Suka ce tsoron Allah ne ya yi masa yawa. Ya gudu ya ɓuya a rumbu, suka ce ya shiga halwa.

Yana cikin rumbun suka kwashe ruwan. Hajjo ita kaɗai ba ta iya tare ƙofa ba. Kifayen lokacin ba su wuce ƙwayar gero ba, suka bi ƙorai suka tafi, aka shanye su a gidaje da bisimilla. Da ya sauko ya tarar da randa sai laka, a ƙofar gida kuwa ga goro, ga damin gero, ga wani dattijo ya tuɓe takalmi yana jiran fitowarsa. Ganin takalman nan a ajiye ya fi komai tsorata shi. Ya tsaya yana duban bakin lungu, duk mai jar riga da ya gilma sai numfashinsa ya ɗauke. Ya daina fita aiki. In an buga ƙofa sai ya ji fitsari. Ya ce wa Hajjo ta koma gidansu kafin a zo, ta ce ba inda za ta, wa zai riƙa gaya masa cewa iska ce ta kaɗa asabari.

Wata rana da hantsi sai ga dogari ya zo. Bai yi tsawa ba, wannan ma ya fi muni. Ya ce Mai'unguwa Maccido yana kira, kuma a taho da ƙasar. Mode ya so ya ce ta ƙare, amma idonsa da kansa ya kai ƙarƙashin gado, dogari ya bi idon ya jawo tukunyar. Rabin nan ne da ya ajiye, na ƙarshe.

Ƙofar gidan Mai'unguwa ta cika. A kan buzu kusa da shi ga wani baƙo zaune, masinja ne daga bariki, mai tsabtar riga, ba ya murmushi, ba ya ɗaga murya. Shi aka aiko ya gani da idonsa ya kai labari. Dodo yana rakuɓe a gefe, fuskarsa ta yi fari, yau bakin ya mutu. Mode ya zube ya yi gaisuwa, ya fara bayanin ƙwai da kwarin Dundaye, harshensa yana sarƙewa. Masinja ya ce shi ba a aiko shi jin tarihin laka ba. An ce mutumin nan yana zuba ruwa a ƙasa kifi ya fito, to ya zuba a gani.

Mai'unguwa Maccido tsoho ne, ya san Mode tun yana yawo ba wando. Ya ce a matso da shi zai duba ko yana ɗauke da laya. Da Mode ya matso, sai tsohon ya sunkuyo kamar mai laluben wuyan riga, ya yi magana yadda su biyu kawai za su ji.

"Mode, in kifi ya hito, ba ni da ikon hana su tahiya da kai. In bai hito ba, zancen banza na, kuma zancen banza ni ka hukunta shi. Ka ji ni?"

"Na jiya, ranka shi daɗe."

"To wane ruwa kaka so a kawo ma?"

Mode ya dubi tukunyar. Ya san abin da ke kwance a ciki, ya san su tun kakannin kakanninsu. Ya kuma san ruwan sama mai sanyi suke jira, ga shi nan cike da randunan kowane gida. Ya shafa wuyansa. Sannan ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba, ruwan kanwa yake amfani da shi, mai ɗumi, a gaya wa Hajjo ta jiƙa da yawa.

Aka kawo. Shi da hannunsa ya juye lakar a babban kasko, ya farfasa ta, ya kwarara ruwan. Ƙasar ta yi 'yar ƙara tana sha. Mutane suka yi ta salati, suna zaton addu'a yake yi da bakinsa ke motsi. Addu'ar kuwa yake yi. Shekara da shekaru yana tsugunawa gaban kasko yana roƙon Allah su fito, yau ga shi yana roƙon kada ko ɗaya ya motsa.

Masinja ya tambayi yaushe abin yake faruwa. Dodo, da aka zungure shi, ya ce wancan karon kafin la'asar ne. Aka ce to a jira la'asar.

Rana ta take. Inuwar zaure ta janye ta bar Mode a fili, bai matsa ba. Gumi yana bin bayansa. Yana jin kukan jaki daga nesa sai ya ɗauka ƙaho ne na soja. Ya tuna an ce waɗanda aka kai kasuwa an ɗaure musu hannu ta baya, sai ya ga nasa hannuwan sun koma baya da kansu, ya yi maza ya dawo da su kan gwiwa. Aka yi azahar, dogari ya tsaya kan kaskon har aka idar. Laka ta kwanta, ruwan sama-sama ya fara washewa, kuma washewar nan ita ce abin tsoro, don yanzu ana ganin har ƙasa. Lokaci-lokaci masinja yakan taso ya leƙa, ya koma ya zauna. Jama'a suka fara gajiya. Tsohuwar nan mai gyaran kifi ta ce a ƙara haƙuri, wani ya ce mata ta kawo wuƙarta ta zauna kusa. Aka ɗan yi dariya. Dariyar ta yi wa Mode daɗi kamar ruwan sanyi, ya ji wuyansa ya fara komawa nasa.

Inuwa ta fara tsawo, ladan yana gyaran murya, sai Mode ya gan shi.

Guda ɗaya ne, a gefen kaskon, kusa da wani dunƙulen da bai narke ba. Ko kanwar ce ba ta ratsa dunƙulen ba, ko Hajjo ce hannunta ya ƙi zubawa da yawa, har ya mutu bai tambaye ta ba. Ɗan abu kamar tsinin gashin ido, ya fizga, ya tsaya, ya sake fizgawa, yana neman hawa sama. Duk taron nan babu idon da zai gane shi sai wanda ya saba. Amma in an nuna wa mutum zai gani, kuma masinja ya riga ya miƙe yana kakkaɓe riga, zai yi duban ƙarshe.

Mode ya sunkuya kan kaskon. Ya so ya sa yatsa ya murƙushe shi, ya ga za a tambayi me ya taɓa. Ya so ya dama ruwan, ya san in ya kwanta zai sake bayyana. Takun masinja yana matsowa. Sai ya haɗa tafukansa biyu, ya zura a gefen kaskon a hankali yadda yake yi in zai canza musu randa, ɗan abin ya shigo tafinsa da kansa kamar ya san hannun. Ya kai baki ya shanye.

"Mi kaka yi haka?" in ji Mai'unguwa.

"Ƙishirwa, ranka shi daɗe."

Wurin ya fashe da dariya. Waliyyi ya rasa kifi ya koma shan laka. Don kada a yi shakka ya ƙara tafi biyu, kanwa tana ƙona masa maƙogwaro. Masinja ya sunkuya ya duba kaskon tsaf, ya sa tsinke ya motsa, bai ga komai ba sai ƙasa. Ya dubi Mode, laka a gemu, ya ce wa Mai'unguwa in irin waɗannan ne waliyyan unguwarsa, to bariki ta yi barci da minshari. Ya sa takalmi ya tafi.

Mai'unguwa ya sa aka kifar da kaskon a tsakiyar hanya, jakuna suka bi ta kai. Ya ce duk matar da aka ƙara gani da ƙwarya a ƙofar Mode, mijinta zai amsa kira. Dodo kuwa aka kwantar da shi dogari ya yi masa bulala a gaban jama'a saboda baki, yana ihu yana cewa taubashi ya cece shi, taubashi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Aka ce wa Mode ya tashi ya ba mutane wuri.

Ya tashi ya kama hanya, yara da manya suna yi masa kirarin shaƙiyanci, mu ma mun taya, ba za a ce ba mu taya ba. Bai ji haushi ba. Kowace tsiya aka yi masa sai ya ji kansa ya ƙara zama daram a kan wuyansa. Ya rayu bayan nan har ya tsufa yana tubalinsa, ba wanda ya ƙara tuɓe masa takalmi.

Amma ranar, tun kafin ya kai gida kanwar ta fara aikinta. Ya wuce Hajjo a tsakar gida da gudu ya faɗa bayan gida, ya daɗe bai fito ba. Ta kai masa buta ta ajiye a bakin zana, sai ta ji yana shessheƙa. Ta tambaye shi ko cikin ne yake murɗa masa haka.

Ya ce cikin ne.